ZAUREN 'YAN MATA: Wuni Guda A Santambul, Jirgi Ba Ya Jiran Amarya

Masu aiko da wasiƙu ina godiya ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wadda ba ta ga amsarta ba ta ƙara haƙuri, layi ne, yana nan zuwa kanta.

Wasiƙar da na ɗauko a wannan fitowa ta sha bamban da waɗanda muka saba, don ba ta kishiya ba ce, ba kuma ta saurayin da ya yaudari budurwa ba. Wata ƙanwarmu ce daga nan cikin birni, ta ce don Allah in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Bikinta saura wata biyu, angon ɗan kasuwa ne mai yawan fita waje, ya yi mata alkawarin da an watse daga biki zai kai ta cin amarci a jirgin ruwan nan na shaƙatawa da ke zagaya tekun Bahar Rum, kwana bakwai, yau ya tsaya a wannan gari gobe a wancan. A cikin garuruwan har da Istanbul ta ƙasar Turkiyya, wadda kakanninmu ke kira Santambul, inda jirgin zai iso ƙarfe 8 na safe ya tashi ƙarfe 6 na yamma. To tun da labari ya bazu a dangi, ta ce gidansu ya koma kamar tashar mota, yayye da ƙanne da ƙawaye da dangin ango kowa da sautunta, mai abaya, mai jakar hannu, mai labule, har da wadda ta ce a tambayo mata kuɗin kujeru. Shi kuwa gogan ya ce masallatai da gidan tarihi zai je gani. Tambayarta ita ce yaya za ta yi da wunin nan guda ɗaya tak, ta sauke nauyin mutane, ba ta kuma ɓata wa miji rai ba tun ba a je ko'ina ba.

Na ji daɗin tambayar nan, don Allah ya nufa na taɓa shiga irin wannan jirgi. Ba da kuɗina ba fa, ina ni ina wannan, Yayata ce maigidanta ya kwashe su ita da yara, aka tafi da ni rainon 'yar autarsu. Na kuma san wata za ta taɓe baki ta ce mu da ko Legas ba mu taɓa zuwa ba ina ruwanmu da Santambul. Haba 'yar uwa, in da rai da rabo, kuma ko ba ki je ba ai kin ƙaru, gobe in malamin tarihi ya yi tambaya a aji ke ce za ki ɗaga hannu.

Shi dai jirgin nan ki ɗauke shi tamkar unguwa guda ce aka ɗora a kan ruwa, bene hawa goma da wani abu, mutum dubbai a ciki, ga ɗakunan kwana ga wuraren cin abinci ga kantuna har da asibiti. Da daddare yake tafiya kuna barci, gari na wayewa ki ɗaga labule ki ga kun zo wata ƙasa. Ranar da kuka shiga za a ba kowa kati mai sunansa, shi ne makullin ɗakinki, shi ne kuɗinki a cikin jirgi, shi ne kuma shaidarki a bakin ƙofa, in za ki fita a goga shi a na'ura, in kin dawo a sake gogawa. Da haka suke sanin wa ya dawo wa bai dawo ba. Kowane dare kuma akwai takardar da ake kawowa ɗaki, wasu jiragen a waya suke turowa, mai ɗauke da lokacin isowa, da lokacin da za a rufe ƙofa, da lambar wayar wakilin jirgin a wannan tasha. Yawancin mutane ba sa ko kallonta. Ke ki karanta ta kamar wasiƙar saurayi, ki kuma ɗauki hotonta.

Domin abu na farko da za ki sa a ranki ƙanwata, tun kafin maganar abaya da labule, shi ne jirgin nan ba motar gidanku ba ce da za a ce direba ya ɗan jira Hajiya tana shafa hoda. Wurin da ya tsaya haya ce ta awoyi, ma'aikacin tashar da zai fitar da shi cikin teku an riga an ba shi lokaci, ga wani gari can gaba da dole su kai kafin safiya. In an ce tashi ƙarfe 6, yawanci 5:30 ake son kowa ya kasance a ciki. Za su kira sunan wanda bai dawo ba a lasifika sau ɗaya sau biyu, in shiru su janye matakala. Da idona na ga wani Bature da matarsa a wani tsibiri na ƙasar Girka, sun taho a guje ledoji niƙi-niƙi, matar ta cire takalmi ta riƙe a hannu, mutane sun cika barandar jirgi ana yi musu tafi da fito kamar ana kallon sukuwa. Da ƙyar suka sha, ana rufe ƙofa a bayansu. Har muka gama tafiyar nan ban ƙara ganin mutumin ya yi wa matar dariya ba a wurin cin abinci.

Kuma su in da an bar su asarar kuɗi kawai suka yi, su karɓi fasfonsu a hannun wakilin jirgi, su hau jirgin sama su tari gaba. Ke mai koren fasfo lamarinki daban ne. Ƙasashe irin su Italiya da Girka da bizar Shengen ake shigarsu, Turkiyya kuwa ba ta cikin wannan ƙungiya. Idan bizar da aka ba ku ta shiga sau ɗaya ce, kun shiga ta Italiya kun hau jirgi kun fito Turkiyya, to ta ƙare ke nan, komawa sai da wata. Don haka tun kafin a biya kuɗin jirgi ki tuna wa angonki, cikin ladabi, ya tabbatar bizar mai shiga da fita ce, ya kuma tambayi kamfanin abin da ake bukata na kowace tasha ɗaya bayan ɗaya. Ki yi tunanin amarya da lalle a ƙafa tana tsaye a bakin teku, akwatunan lefenta suna tafiya Girka ba ita. Allah ya kiyaye.

Sai maganar agogo, wadda ita ce ke kayar da masu wayo. Tun shekarar 2016 Turkiyya ta daina sauya agogonta tsakanin rani da hunturu, kullum tana gaban Najeriya da awa 2. Ita Girka da zafi daidai suke da Turkiyya, da sanyi tana baya da awa 1, Italiya kuma tana bayan Girka da awa 1. Wayarki kuwa ita ke sauya wa kanta lokaci, wani zubin ta sauya wani zubin ta ƙi. Abin da za ki bi shi ne agogon jirgi. Ki ɗaura agogon hannu, kafin ki fita ki daidaita shi da wanda ke bakin ƙofa, shi ke nan.

To zo mu yi lissafi. Daga 8 zuwa 5:30 awa 9 da rabi ne, a takarda. Amma kafin hukumar tasha ta ba da izinin sauka, ku karya kumallo, ku bi layi ku fito, 9 ta yi. Mai hankali kuma yana so 4:30 ta yi masa a cikin tasha, wato ƙarfe 3:30 duk abin da kike yi ki ajiye ki kama hanya. Saura awa 6 da rabi. Ki cire shiga mota da sauka, da layin tikiti, da alwala da sallar Azahar, da cin abinci, abin da zai rage a hannunki bai fi awa 4 ba. Awa 4 a garin da ke da mutum sama da miliyan 15, wani ɓangarensa a nahiyar Turai wani a Asiya! Shi ya sa dariya ke kama ni in na karanta littattafan wasu marubutanmu, a kai tauraruwa ƙasar waje, a wuni ɗaya ta zaga gari kaf, ta yi sayayyar akwati shida, ta sauya kaya sau uku, ta dawo ko gumi babu. Kai jama'a, a dinga tausaya wa mai karatu.

Hanya biyu ce ta fita gari. Ko ku sayi yawon da jirgi ya shirya, a zuba ku a bas da ɗan jagora, ko ku fita da ƙafarku. Na jirgi ya fi tsada nesa ba kusa ba, ga shi za a dinga kora ku kamar 'yan firamare kuna bin mutum mai ɗaga tuta, a ƙarshe a sauke ku a shagon darduma ko kuna so ko ba kwa so, kuma ba lalle ne tsarinsu ya yi la'akari da lokacin salla ba. Amfaninsa ɗaya ne amma babba ne, in motarsu ta makara jirgi zai jira, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ku gaba. Don haka a tashar da abin kallo ke nesa, kamar wanda ya sauka Iskandariyya zai je ganin dalar Fir'auna a Alƙahira, tafiyar sama da kilomita 200, ko kusa kada ku yi gangancin zuwa da kanku. Amma a Santambul ni dai a ganina asarar kuɗi ce, don tashar a tsakiyar gari take.

Sunanta Galataport, a shekarar 2021 aka buɗe ta a unguwar Karakoi, tsawon gaɓarta kilomita 1.2. Abin mamakinta shi ne duk binciken fasfo da na kaya a ƙarƙashin ƙasa ake yinsa, sai kin gama ki hawo sama ki tsinci kanki cikin kantuna. Kada ki tsaya a nan, irin kantunan da ke ko'ina ne. Ku taka kaɗan zuwa tashar Tofane ku hau tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasan nan da ke bin titi cikin gari, layin da ake kira T1. A nan bakin tashar akwai na'urar sayar da katin Istanbulkart, ku sa masa kuɗi, guda ɗaya ya ishe ku ku biyu. Tasha ta biyar ita ce Sultan Ahmad, tafiyar kamar minti 15. Tasi kuwa ku bar ta inda kuka gan ta, cunkoson garin nan ya fi na Ƙofar Wambai ranar jajiberin salla, ga wasu direbobin da suka ga baƙo kuɗi ya tashi.

Kafin in manta, shiga. Na san amarya da son ƙwalisa, amma takalmi mai tsini ki bar shi a ɗaki, garin tudu da gangare ne, daɓen duwatsu, za ki yi tafiyar da ba ki taɓa yi ba. Gwala-gwalan lefe a kulle su a ɗan akwatin ƙarfen da ke ɗakinku. Hijabinki ko abayarki kuwa ki saka abinki hankali kwance, garin Musulmi ne, ba mai kallonki. 'Yar jakar da za ki rataya ta zauna a gaba ƙarƙashin mayafi, don tiram ɗin nan yana cika maƙil kuma akwai masu ɗan hali. A ciki ki sa katin jirgi, da takardar shaidar da jirgi ya ce a fita da ita, da 'yan kuɗinsu Lira. Kada ki ce ai komai yana hannun maigida. In cunkoso ya raba ku a bakin ƙofar tiram, ya shiga ba ki shiga ba, da me za ki koma? Ku yi magana tun a ɗaki, duk wanda ya ɓace wa ɗan uwansa ya nufi tashar jirgi kai tsaye.

Tiram zai haura da ku gadar Galata, masu kamun kifi jere da sandunansu, ki ɗaga kai ki ga hasumiyoyi sun tsaya cirko-cirko a kan tudu, wallahi sai tsigar jikinki ta tashi. Nan ne mazaunin sarakunan Daular Usmaniyya tun daga 1453 da Sultan Muhammadu Alfatih ya ci garin yana ɗan shekara 21. Kuma ba yau muka san su ba, tun a ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno ya tura jakadu wurin Sultan Murad na Uku. Hedikwatar ƙasar dai ta koma Ankara a 1923, amma har gobe kwarjinin yana nan.

Ki fara duba wace rana jirginku zai faɗo. Fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwa kuma ba ta ci ranar Lahadi da ranakun salla. In ba a faɗa ɗaya daga ciki ba, shawarata ku fara da fadar, ƙarfe 9 ake buɗewa, gara ku riga motocin 'yan yawon buɗe ido. Alfatih ne ya gina ta, sarakuna suka zauna a cikinta kusan shekara 400. Faɗi gare ta, wanda ya ce sai ya leƙa ko'ina a nan zai wuni. Ku wuce kai tsaye ɗakin kayan amana, inda aka ajiye kayan da ake dangantawa ga Manzon Allah (SAW), mayafinsa a cikin akwatin zinare, da takubba, da baka, da silin gashi, ga takubban sahabbai ga makullan Ka'aba. An fara tara su a nan ne bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Misira a 1517. Akwai alaramma zaune yana karatun Alƙur'ani, in ya gaji wani ya karɓa, dare da rana. Ba a ɗaukar hoto, kuma ba ki ma da bukata. Yayata da ba ta da saurin kuka sai da ta jiƙa gefen mayafinta.

In da sauran lokaci ki ja hannun ango ku shiga cikin gida, sashen matan sarki da suke kira Harem, ɗakuna sama da 300, lungu cikin lungu, bango duk ado. A nan ne za ki tuna da Hurrem. Yarinya ce da aka kamo daga yankin da yake ƙasar Yukren a yau, aka sayar da ita baiwa, ta faɗo gidan Sultan Sulaiman wanda ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566. Sunan nan Hurrem ma'anarsa mai fara'a. A al'adar gidan a wancan zamani sarki ba ya ɗaura aure, ƙwaraƙwarai yake ajiyewa, kuma wadda ta haifi ɗa namiji guda ta gama, in yaron ya tasa a tura su wani lardi ita da shi. Hurrem ta zo ta rushe wannan duka. Ta haifa masa 'ya'ya maza bi da bi, ya 'yanta ta, ya ɗaura mata aure, gari ya ɗauka har ana cewa asiri ta yi masa, kin ji fa, ashe ba a Kano aka fara wannan zance ba. In ya tafi yaƙi wasiƙu suke yi wa juna, shi kuma yana rubuta waƙoƙi da laƙabin Muhibbi, wato masoyi. Ta gina masallaci da asibiti a Santambul, ta gina gidan ciyar da miskinai a birnin Ƙudus. Sai dai labarin ba zuma zalla ba ne. Akwai wadda ta riga ta, Mahidebran, uwar babban ɗa Mustafa, wanda sojoji ke so kamar me. A 1553 uban da kansa ya sa aka kashe Mustafa bisa zargin yana shirin yi masa tawaye, kuma har yau masana tarihi na jayayya kan ko da hannun Hurrem a ciki. Ta rasu a 1558, ɗanta Salim na Biyu ne ya gaji sarauta. Ni dai duk sanda na tuna labarin nan ba Hurrem ke tsaya mini a rai ba, uwar Mustafa ce, da ta ƙare rayuwarta a garin Bursa kusa da kabarin ɗanta.

Ƙarfe 11:30 ku fito ko an gama ko ba a gama ba. Masallacin Sultan Ahmad 'yar tafiya ce da ƙafa, mai hasumiya 6, an fara gininsa a 1609, cikinsa an lulluɓe shi da tayil sama da 20,000 masu zanen furanni, shuɗi ya fi yawa. Ba a biyan ko sisi, takalmi a leda, minti 30 ya isa. Yana fuskantar Ayasofiya, wadda ta girme shi da sama da shekara 1,000, don a 537 aka gama ta a matsayin coci. Alfatih ya mai da ita masallaci, a 1934 gwamnati ta mai da ita gidan tarihi, sai a watan Yulin 2020 aka dawo da salla a ciki. Daga Janairun 2024 aka sa wa baƙi masu zuwa kallo kuɗin shiga, su hau bene ta wata ƙofa daban, ƙasa kuwa na masu salla ne. Ku daidaita Azahar ta same ku a nan, wajen ƙarfe 1 ake kira. Akwai sashen mata. In kin idar ki ɗaga kai ki ga manyan allunan nan 8 masu sunan Allah da Manzonsa da halifofi huɗu da Hasan da Husaini.

Abinci kada ku zauna inda za a kawo muku littafi mai hotuna, ku ci awa guda kuna jira. Ƙofta da burodi, ko simit, wani burodi mai kamar awarwaro da aka barbaɗe da riɗi, da shayi a ɗan kofin gilashi, sun riƙe ku, abinci na can jibge a jirgi an riga an biya. Mai sayar da askirim ɗin nan mai jar hula zai yi ta yi miki wasa da hankali, ya miƙo ya janye, ki yi dariya kawai, sana'arsa ce. Wanda za ku kiyaya shi ne mai gyaran takalmin da zai wuce ku ya yar da burushinsa kamar bai sani ba. Angonki ɗan mutunci zai ɗauka ya miƙa masa, shi kuma ya ce don godiya sai ya goge masa takalmi, a gama ya yanko kuɗi ya tsaya kai da fata. In burushi ya faɗi ku yi gaba abinku.

Yanzu mu zo kan sautu, inda gizo ke saƙar. Daga Sultan Ahmad tasha biyu ce a tiram zuwa Bayazid, bakin kasuwar da suke kira Kapali Carshi, wato rufaffiyar kasuwa. An kafa ta a zamanin Alfatih, kin ga sa'ar Kasuwar Kurmi ce da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, duk a ƙarni na 15. Layuka 61, shaguna wajen 4,000, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowane layi kamar ɗan uwansa. Ki haddace sunan ƙofar da kuka shiga. Ciniki irin na Kwari ne, ya faɗa ki taya, ya ce albarka ki juya, ya kira ki. In an ba ki shayi ki sha, bai zama dole ki saya ba. Gwal kuwa ko ya yi miki kyau kamar me kada ki saya a tsaitsaye, abin da ake aunawa da giram ba a yi masa gaggawa.

Amma ki sani nan kasuwar baƙi ce, ba nan 'yan kasuwarmu ke sari ba. Su Laleli suke zuwa, tasha ɗaya gaba, kuma su kwanaki suke yi suna shiga shago suna fita, su ɗaure kaya su ba kamfanin dako ya kawo musu gida. Ke minti 75 gare ki, ga ɗakin jirgi ɗan tsut, ga jirgin saman komawa da yawanci kilo 23 yake yarda a kowace jaka, ki wuce haka a caje ki kuɗin da ya fi na labulen. Don haka maganar gaskiya, kada ki karɓi kuɗin kowa. Ko na wa? Ko na wa. Kuɗin sautu bashi ne, in kin sayo a ce ba kalar ba ce, in ba ki sayo ba a ce kin yi aure kin fara wulaƙanci, in canji ya tashi a ce kin ci. Kuma ba ke za ki faɗa da bakinki ba, ki samu Umma ki yi mata bayanin lissafin awoyin nan, ita ta san yadda za ta sallami kowa ba a ji haushinki ba. Dangin ango kuma shi za ki bar wa, kada amarya ta fara da cewa a'a a gidan da ko kwana ba ta yi ba.

Abin da za ki yi shi ne tsaraba, wadda ke kika ga dama. Hajiyarsa a gaba, ki zaɓar mata abu guda mai kyau ki kashe masa lokaci, sallaya mai laushi ko mayafi na mutunci, sai Ummanki. Sauran jama'a alawar lokum ce, da 'yan gyale, da carbi, da sabulun zaitun, a shago ɗaya ki haɗa su a yi miki ragi. Wadda ta raina alawa dama ko kujerun kika kawo mata sai ta samu abin faɗa.

Shi kuma maigida kada ki bari sai kun tsaya a tsakiyar kasuwa sannan ki fara ja masa riga. Tun kuna gida, ranar da kika ga yana cikin nishaɗi, ki ce masa ranka ya daɗe, ranar Santambul safiya taka ce duk inda ka ce nan za mu, bayan Azahar ina roƙon awa guda da 'yan mintuna. Ba namijin da zai ƙi wannan. In kuma ya ce shi burinsa ziyarar kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari ne, wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina, yana nan a unguwar Ayyub Sultan, akwai wani tiram da ke zuwa can daga Eminonu. Sai dai fa ku haƙura da Topkapi, biyun ba sa haɗuwa a wuni irin naku. Haka ma masallacin Sulaimaniyya inda kabarin Sulaiman da na Hurrem suke kusa da juna. Wasu jiragen suna kwana a Santambul, in naku irinsu ne to kin more, duk ki haɗa.

Ƙarfe 3:30 ko ana rabon abaya kyauta ki fito. Ku duba goshin tiram, wanda aka rubuta Kabatash shi ne naku, in kun hau mai zuwa ɗaya ɓangaren sai cikin gari ya yi ta yi da ku. In na farko ya cika ku jira na biyu, ba sa daɗewa, shi ya sa muka bar sarari. Ku sauka Tofane, a duba kayanku a na'ura, a goga kati, ki hau ki yi wanka ki yi La'asar a nutse.

In 6 ta kusa ki ja shi ku hau can saman jirgi, ki tafi da mayafi mai kauri don iskar teku ba ta da wasa. Jirgi zai yi wata irin ƙara da za ki ji ta har cikin ƙirjinki, ya fara ja da baya a hankali, tsuntsayen teku na binsa. Fadar Topkapi za ta kasance a damanku, a hagu kuma wajen gaɓar Asiya za ki hango wata 'yar hasumiya ita kaɗai a kan dutse a tsakiyar ruwa, Hasumiyar Budurwa suke ce mata. Wai wani sarki ne bokaye suka ce masa maciji ne ajalin 'yarsa, ya gina mata ɗaki a nan inda maciji ba ya zuwa, ranar da ta cika shekara 18 ya kai mata kwandon inabi don murna, ashe abin yana kwance a ciki. Tatsuniya ce dai irin tasu. Hotonku na amarci a nan za ki sa a ɗaukar muku, hasumiyar a bayanku.

Allah ya kai mu bikin lafiya ƙanwata, ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, in kin dawo ki rubuto mana yadda aka yi. A fitowa ta gaba in Allah ya yarda za mu duba wasiƙar wata 'yar aji shida da ake so a cire ta daga makaranta saura wata huɗu ta zana jarrabawa. Wassalam.